Yadda Ake Haɗa Jenkins da Git, da Abin Yi Idan Suka Ƙi Jituwa

Duk inda masu rubuta manhaja suka kai uku ko huɗu a kan aiki ɗaya, akwai ranar da gyaran wani zai karya abin da wani ya gina, ba kuma wanda zai sani sai kaya sun isa hannun mai su. Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne a ware kwamfuta guda, uwar garke, wadda ba ta da aiki sai jiran gyara. Da zarar wani ya turo nasa, sai ta ɗauko kod ɗin gaba ɗaya, ta harhaɗa shi, ta gwada shi, ta sanar da kowa ko lafiya ko an samu ɓaraka. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka daɗe suna wannan aiki a ofisoshi manya da ƙanana ita ce Jenkins. Kohsuke Kawaguchi ne ya fara rubuta ta lokacin yana aiki a Sun Microsystems, da sunan Hudson, sai a 2011 aka sauya mata suna bayan saɓanin da masu kula da ita suka samu da Oracle. Da Java aka rubuta ta, kyauta ce, kuma idan aka girka ta ba a taɓa komai ba, a tashar 8080 take sauraro.

Jenkins da kanta ba ta san Git ba, ba ta san Subversion ba, ba ta san Mercurial ba. Duk wata hulɗa da ma'ajiyar kod ta hannun ƙaramar manhaja ake yin ta, wato filogin, wanda ake ƙarawa daga baya. A nan ne mafi yawan masu farawa suke maƙalewa, domin aiki na farko da uwar garke za ta yi shi ne ɗauko kod, idan kuwa wannan ya ƙi, sauran duk ba su da ranar zuwa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan, shi ne kuma zai warware maka mafi yawan matsalolin da za su zo. Filogin ɗin Git ɗan aike ne. Kai ka shiga ma'ajiya daga kwamfutarka, da sunanka, da mabuɗinka, ta hanyar da ka saba. Shi kuma an aike shi daga wani gida daban, da wani suna daban, da abin da aka damƙa masa a hannu kawai. Idan ya dawo ya ce an hana shi shiga, cewa "ai ni na shiga ɗazu" ba ta amsa komai. Tambayar ita ce wane ne aka aika, daga wace na'ura, da wane mabuɗi.

Kafin ka taɓa filogin

Fara da Java. Sigar Jenkins mai dogon tallafi, wadda suke kira LTS, ta daina karɓar Java 8 tun 2.361.1 a Satumbar 2022, sannan a 2.479.1 a Oktobar 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin zuwa Java 17. Wannan ya shafe ka ne saboda kowane filogin yana da mafi ƙarancin sigar Jenkins da yake buƙata. Tsohuwar Java tana riƙe ka a tsohuwar Jenkins, ita kuma ta riƙe ka a tsohon filogin. Idan sabuwar uwar garke kake kafawa, ɗauki LTS, ka bar sigar mako-mako ga masu son gwaji.

Sai Git kanta. Filogin ɗin, a yadda ya zo, kiran manhajar git yake yi a kan na'urar da aikin ke gudana, kamar yadda kai za ka buga umarni da hannu. Saboda haka dole ne a girka ta:

sudo apt install git
git --version

Ka lura da cewa "na'urar da aikin ke gudana" ba lallai ba ne ta zama uwar garken. Jenkins tana iya rarraba aiki ga wasu kwamfutoci, wakilai, kuma haka ya fi kyau a yi. To kowane wakili yana buƙatar tasa git ɗin. Uwar garken ma tana buƙata, domin ita ce ke leƙa ma'ajiya ta karanto fayil ɗin Jenkinsfile, inda ake rubuta matakan aiki, kafin ta miƙa aiki ga wakili. Mutum zai iya wuni yana gyara uwar garke alhali wakilin ne ba shi da kayan aiki.

Na uku, duba agogon na'urar da sararin faifai. Agogon da ya yi baya ko gaba sosai yana sa a ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro, sai ka ga jerin filogin ya ƙi saukowa ba tare da dalilin da ke bayyane ba. Wannan ya fi faruwa a tsohuwar kwamfuta da batirin allonta ya mutu, wadda duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta manta rana.

Girkawa

Idan a ranar farko ka zaɓi girka filogin ɗin da Jenkins ta ba da shawara, to Git na ciki. In ba haka ba, shiga Manage Jenkins, ka buɗe Plugins, sannan Available plugins, ka nemi Git. Za ka ga sunaye da yawa masu kama da juna, kuma yana da kyau ka san aikin kowanne. Wanda ake kira Git shi ne ke kawo akwatunan da za ka cike a shafin aiki. Git client shi ne ke magana da git ɗin kai tsaye. Credentials da SSH Credentials su ne ke adana kalmomin sirri da mabuɗai. GitHub Branch Source da takwarorinsa na GitLab da Bitbucket ƙari ne, suna gano rassa da buƙatun haɗe gyara da kansu. Idan ka zaɓi Git, Jenkins za ta jawo duk waɗanda ya dogara da su. Ka bar ta ta gama, sannan ka sake kunna ta ta hanyar ƙara /safeRestart a ƙarshen adireshinta. Wannan hanya tana jiran ayyukan da ke gudana kafin ta kashe komai.

A Ubuntu da Debian fayilolin suna zama a /var/lib/jenkins/plugins, kowanne da .jpi a ƙarshen sunansa. Ka san wurin nan, za ka dawo masa ranar da shafin Jenkins ya ƙi buɗewa.

Idan uwar garken ba ta da hanyar fita intanet, kamar yadda ake yi a bankuna da wasu ma'aikatu, akwai jarabar sauke fayil ɗin .hpi guda ɗaya a ɗora shi ta Advanced settings. Yana yiwuwa, amma ba na ba da shawarar haka ga Git, domin ya dogara da filogin da dama, su ma sun dogara da wasu, kuma ɗorawa da hannu a na'urar da ba ta da intanet ba ta jawo su. Za ka ɗora ɗaya, a ce saura biyu, ka kawo biyun, a ce saura huɗu. Abin da ya fi shi ne kayan aikin da ake kira jenkins-plugin-cli, wanda ke cikin hoton Docker na Jenkins. A na'ura mai intanet ka rubuta sunayen da kake so a fayil ɗin plugins.txt, ka gaya masa sigar Jenkins ɗinka, ya sauko da su tare da duk abin da suke buƙata, sai ka kwashe foldar ka kai.

Bayan girkawa, leƙa Manage Jenkins, Tools, wurin Git installations. A Linux kalmar git kaɗai ta isa. A Windows ka rubuta cikakkiyar hanya, kamar C:\Program Files\Git\bin\git.exe, domin Jenkins tana gudana a matsayin sabis, kuma sabis ba lallai ya ga hanyoyin da kai kake gani a tagar umarninka ba. Idan ka ga saƙon Cannot run program "git", ko nan ne matsalar take, ko kuma ba a girka git a na'urar ba.

Mabuɗi

Adireshin ma'ajiya iri biyu ne, kuma kowanne da irin shaidar da yake karɓa. Wanda ya fara da https:// yana buƙatar suna da kalmar sirri. Wanda ya fara da git@ ko ssh:// yana buƙatar mabuɗin SSH. Haɗa adireshin https da mabuɗin SSH kuskure ne da ake yawan yi, kuma Jenkins ba za ta fito fili ta ce maka ka haɗa kifi da kaska ba. Cewa kawai za ta yi an ƙi ta.

Ga mai amfani da https da GitHub, kalmar sirrin asusunka ba za ta yi aiki ba. Tun ranar 13 ga Agusta 2021 GitHub ta daina karɓarta a ayyukan Git. Sai ka ƙirƙiri tokin a saitin asusu, ka zuba shi a gurbin kalmar sirri a cikin nau'in Username with password. Ka tuna cewa tokin yakan zo da ranar ƙarewa. Aikin da ya yi watanni yana tafiya lafiya sannan ya wayi gari yana cewa Authentication failed, ba tare da an taɓa komai ba, fara da duba ranar tokin.

Ni dai na fi son SSH, da mabuɗi na musamman wanda aka ƙera don Jenkins kaɗai:

ssh-keygen -t ed25519 -C jenkins -f jenkins_key

Wannan zai ba ka fayil biyu. Mai .pub a ƙarshe shi ne na fili, shi za ka kai ma'ajiya ka saka a wurin Deploy keys, da izinin karatu kawai sai fa in aikin zai riƙa tura abu. Ɗayan na sirri ne, shi za ka zuba a Jenkins ƙarƙashin SSH Username with private key, tun daga layin BEGIN har layin END, ba tare da ka yanke ko harafi ɗaya ba. Sunan mai amfani a GitHub da GitLab git ne, ba sunanka ba.

Kada ka ba Jenkins mabuɗinka na kanka, ko na wani ma'aikaci. Dalilin ba tsoro ba ne kawai. Ranar da mutumin ya bar aiki aka rufe asusunsa, duk ayyukan uwar garke za su tsaya cik, kuma wanda ya gaje shi ba zai san daga ina abin ya fito ba. Ban da haka, mabuɗin mutum yana buɗe duk ma'ajiyoyin da yake da izini a kansu, alhali aikin ɗaya kawai yake buƙata.

Wani ƙaramin tarko: lokacin ajiye shaidar za a tambaye ka Scope. Zaɓi Global. Wanda aka ajiye a System na amfanin Jenkins ne ita kanta, kamar haɗuwa da wakilai, kuma ba zai bayyana a jerin da shafin aiki ke nuna maka ba. Ka kuma ba shi ID mai ma'ana da hannunka, domin da shi za ka riƙa kiransa a Jenkinsfile.

Aikin gwaji na farko ya zama ƙarami: adireshin ma'ajiya, shaida, reshe, ba wani matakin gini. Idan ya ɗauko kod, sai ka ci gaba. A gurbin reshe Jenkins tana yawan zuwa da */master a rubuce, alhali tun Oktobar 2020 sababbin ma'ajiyoyin GitHub da main suke farawa. Saƙon Couldn't find any revision to build kusan kullum wannan yake nufi. Canza shi zuwa */main.

Idan ya ƙi

Buɗe Console Output na aikin da ya faɗi. Za ka ga dogon jan rubutu na Java, layi bisa layi, wanda ke tsorata mai farawa. Yawancinsa ba naka ba ne. Nemi layin da ke cewa returned status code 128, ka duba ƙarƙashinsa inda aka rubuta stderr. Lambar 128 ba ta gaya maka komai sai cewa git ta gaza. Layin stderr kuwa maganar git ce da bakinta, ita ce kuma za ka yi aiki da ita. A saman wurin za ka ga ainihin umarnin da filogin ya bayar. Kwafe shi.

Yanzu ka shiga na'urar da aikin ya gudana a kanta, wadda sunanta ke rubuce a farkon rahoton, ka zama mai amfani jenkins, ka maimaita umarnin:

sudo -u jenkins -H git ls-remote -h git@github.com:kamfani/aiki.git HEAD

Mabuɗin da ka ajiye a cikin Jenkins ba ya zaune a foldar .ssh. Filogin yana rubuta shi a fayil na ɗan lokaci, ya yi amfani da shi, ya goge. Don haka a gwajin hannu sai ka nuna masa mabuɗin da kanka, bayan ka ajiye kwafinsa inda mai amfani jenkins zai iya karantawa:

sudo -u jenkins -H ssh -i /hanya/jenkins_key -o IdentitiesOnly=yes -vT git@github.com

Wannan gwaji yana raba matsala gida biyu nan take. Idan umarnin ya faɗi a hannu ma, babu ruwan filogin, matsalar tana hanyar sadarwa ko mabuɗi ko ma'ajiya, kuma sake girka filogin sau goma ba zai gyara ta ba. Idan ya yi aiki a hannu amma ya ƙi a Jenkins, to saiti ne: shaidar da aka zaɓa, hanyar git, ko abin da sabis ɗin yake gani. Kana gamawa ka goge kwafin mabuɗin.

Saƙon da ya fi zuwa wa sababbi shi ne Host key verification failed. A nan ba a kai ga mabuɗinka ba tukuna. SSH ce ke cewa ba ta san wannan uwar garken da take magana da ita ba. Kai a kwamfutarka an taɓa tambayarka, ka amsa yes, ka manta. Jenkins ba ta da wanda zai amsa mata. Tun 2022 filogin ɗin Git client yake tilasta wannan bincike, kuma saitinsa yana Manage Jenkins, Security, wurin Git Host Key Verification Configuration. Zaɓi huɗu ne: a karanta fayil ɗin known_hosts, a amince da haɗuwar farko, a rubuta mabuɗan da hannu, ko a daina bincike. Na ƙarshen yana kashe jan rubutu cikin daƙiƙa, shi ya sa ake yawan ba da shawararsa, amma ma'anarsa ita ce uwar garkenka za ta karɓi kod daga duk wanda ya tare hanya ya ce shi ne GitHub, ta kuma gudanar da shi. Kada ka yi haka a na'urar aiki. Rubutawa da hannu ta fi mini, musamman inda wakilai suke da yawa, domin wuri ɗaya za ka gyara. Samo mabuɗan da ssh-keyscan github.com, ka kwatanta tambarinsu da wanda GitHub ta wallafa a shafinta, sannan ka zuba. Wani lokaci mabuɗin uwar garke yana canzawa da gaske: a Maris 2023 GitHub ta sauya mabuɗinta na RSA, ayyuka da yawa a duniya suka tsaya da gargaɗin cewa shaidar mai masauki ta canza. Idan ka ga irin wannan gargaɗi, tabbatar daga sanarwar masu ma'ajiyar kafin ka goge tsohon layin.

Permission denied tare da kalmar publickey kuwa yana nufin an san juna, mabuɗin ne aka ƙi. Ko ba a saka na filin a ma'ajiyar da ta dace ba, ko an yanke na sirrin wajen kwafa, ko mabuɗin yana da kalmar sirri ba a rubuta ta a Jenkins ba, ko kuma tsoho ne irin DSA wanda GitHub ta daina karɓa a 2022. Ka san kuma cewa a GitHub mabuɗin Deploy keys guda ɗaya ma'ajiya ɗaya yake yi wa aiki. Idan aikinka yana da ƙananan ma'ajiyoyi a cikinsa, babbar za ta sauko, ƙananan su ƙi. A nan ko dai ka buɗe asusu na musamman don na'ura mai izini a kan dukkansu, ko ka koma tokin, sannan a Advanced sub-modules behaviours ka kunna zaɓin amfani da shaidar babbar ma'ajiya. Repository not found shi ma sau da yawa maganar izini ce, domin GitHub ba ta gaya wa wanda ba shi da izini cewa ma'ajiya mai zaman kanta tana nan.

Sai matsalar takardar shaida, wadda ke rikita mutane saboda rumbu biyu ne daban. Java tana da jerin takardun da ta amince da su, git ma tana da nata. Idan ka ga PKIX path building failed, Java ce ke ƙorafi, sai a ƙara takardar ma'aikatarku da keytool. Idan ka ga SSL certificate problem, git ce, sai a ƙara takardar a rumbun na'urar ko a nuna ta da http.sslCAInfo. Gyara ɗaya ba ya gyara ɗayan. Kashe http.sslVerify daidai yake da daina binciken mai masauki, haɗarinsu ɗaya. Inda ofis yake da firoksi, a gaya wa Jenkins a saitin HTTP Proxy, a kuma saka adireshin ma'ajiyar cikin gida a jerin waɗanda ba sa bi ta firoksin. Idan katangar tsaro ta toshe tashar 22, GitHub tana karɓar SSH a ssh.github.com ta tashar 443.

Layi marar ƙarfi

Ga wanda uwar garkensa ke ofis a Kano ko Maraɗi, kan layin da ke hawa da sauka, ƙarewar lokaci ce matsalar da za ta fi damunsa. Filogin yana ba kowane umarnin git minti 10. Idan ɗaukowar ba ta ƙare ba sai ya yanke ta, ka ga Timeout after 10 minutes, sau da yawa tare da lambar 143. Babu abin da ya lalace, lokaci ne ya ƙare. A Additional Behaviours ka ƙara Advanced clone behaviours, ka ɗaga lokacin zuwa minti 30 ko 60.

Ɗaga lokaci kaɗai bai isa ba, rage kayan ya fi. A wuri ɗayan akwai Shallow clone, wanda ke ɗauko gyaran ƙarshe kawai maimakon tarihin shekaru. Yana da kyau ga yawancin gini, sai dai idan aikinka yana lissafa lambar siga daga tarihi ko alamomi, to zai ba ka lamba ba daidai ba. Dabarar da na fi so ga babbar ma'ajiya ita ce ajiye madubinta a kan na'urar. Ka yi git clone --mirror sau ɗaya, da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, sannan ka rubuta hanyar foldar a gurbin Path of the reference repo. Daga nan kowane sabon aiki zai ɗebi mafi yawan kayan daga faifai, ya sauko da abin da ya ƙaru kawai. Ka riƙa sabunta madubin lokaci lokaci, kada kuma ka goge shi alhali ayyuka suna jingine da shi, domin foldodinsu za su lalace.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana barin fayil mai suna index.lock a cikin foldar .git, sai aiki na gaba ya ce wata git tana gudana alhali babu. Tabbatar babu ɗin, ka goge fayil ɗin, ko ka share foldar aikin gaba ɗaya. Akwai zaɓin Wipe out repository and force clone da ke share komai kafin kowane gini. Kada ka bar shi a kunne a kan layi mai tsada. Clean before checkout yana share tarkacen gini ba tare da sake sauko da ma'ajiya ba.

Wani saƙo da ya fara bayyana bayan gyaran tsaro na Git 2.35.2 a Afrilun 2022 shi ne ƙin taɓa ma'ajiyar da mai ita daban yake da mai ba da umarni, abin da sababbin sigogi ke kira dubious ownership. Yakan zo idan wani ya shiga foldar aiki a matsayin root ya buga git, ko idan gini yana gudana a cikin Docker da lambar mai amfani daban. Gyaran gaskiya shi ne mayar da mallakar foldar ga jenkins da chown. Ƙara foldar a safe.directory yana aiki, amma ka ambaci foldar da sunanta, kada ka saka tauraro ka buɗe duka. A wakilan Windows kuma, Filename too long yana warwarewa da kunna core.longpaths.

Idan duk wannan bai nuna maka komai ba, buɗe System Log, ka ƙirƙiri sabon mai rikodi, ka ƙara hudson.plugins.git da org.jenkinsci.plugins.gitclient a matakin FINE. Ka kashe shi bayan ka gama. Rahoton sabis ɗin kansa kuma yana fitowa da journalctl -u jenkins.

Sa aiki ya tashi da kansa

Hanya biyu ce. Ko Jenkins ta riƙa leƙa ma'ajiya, ko ma'ajiya ta riƙa sanar da Jenkins. Ta farko ita ce Poll SCM, da jadawali kamar H/5 * * * *, wato duk minti biyar. Harafin H yana warwatsa ayyuka don kada su taru a daƙiƙa ɗaya. Ta biyu, webhook, ta fi sauri da sauƙin nauyi, amma sai GitHub tana iya isowa ga uwar garkenka daga waje. Adireshin yana ƙarewa da /github-webhook/, har da karan ƙarshen, kuma barinsa yana cikin abubuwan da ke sa sanarwa ta ƙi shiga. A shafin ma'ajiyar akwai Recent Deliveries, inda za ka ga kowace sanarwa da amsar da ta samu. Mai amfani da tsohuwar hanyar notifyCommit ya sani tun 2022 tana buƙatar tokin. Idan uwar garkenka tana bayan rauta ba tare da adireshin fili ba, zauna a kan leƙawa. Jinkirin minti biyar ya fi buɗe Jenkins ga duniya ba shiri.

Ranar sabuntawa

Filogin da ke aiki jiya ya ƙi yau, sau da yawa sabuntawa ce ta rabi da rabi: an ɗaga Git an bar Git client ko Credentials a baya. Shafin Manage Jenkins zai nuna jan gargaɗi yana faɗin wanda ya kasa tashi da sigar da yake nema. Karanta shi, yana faɗin gaskiya. Sabunta dangin gaba ɗaya a lokaci guda, bayan ka ɗaga Jenkins kanta.

Kafin ka danna komai, kwafe foldar /var/lib/jenkins, aƙalla plugins, jobs, fayilolin xml da secrets. Mabuɗan da ke buɗe credentials.xml suna cikin secrets, idan babu su duk shaidun da ka ajiye sun zama rubutun da ba ya karantuwa, don haka kwafin ma a ɓoye shi kamar yadda ake ɓoye kalmar sirri. Jenkins tana ajiye sigar da ta gabata da .bak a ƙarshen suna, kuma akwai maɓallin komawa baya a Installed plugins, amma taki ɗaya kawai yake komawa, kuma ba ya mayar da saitin da sabuwar siga ta riga ta sauya. Idan shafin ya ƙi buɗewa sam, tsayar da sabis ɗin, ka ƙirƙiri fayil marar komai mai suna git.jpi.disabled a foldar plugins, ko sunan duk wanda kake zargi, ka sake kunnawa. Jenkins za ta tsallake shi ta tashi, waɗanda suka dogara da shi ma ba za su yi aiki ba har sai ka gyara.

Ga mai Subversion, filoginsa yana ɗauke da SVNKit a cikinsa, ba ya buƙatar a girka svn, sai dai ka daidaita sigar foldar aiki a saiti idan matakan gininka suna kiran svn ta na'ura. Mercurial kuwa kamar Git yake, sai an girka hg a kowane wakili.

Da zarar komai ya zauna daidai, rubuta sunan kowane filogin da lambar sigarsa a plugins.txt, layi ɗaya ga kowanne, ka ajiye fayil ɗin a cikin Git tare da sauran saitin uwar garken. Duk sabuntawar da za a yi nan gaba ta fara da gyara wannan fayil, a gwada ta a wata Jenkins ta gwaji a cikin Docker, da aiki ɗaya da ke ɗauko kod ta SSH da wani ta https, sannan a kai ta kan ta aiki.